Garajin da ya gyara min birkin hannu na motar lantarki a Yamai: aiki ya yi, amma sai mai haƙuri

Tun lokacin da isansi ya yi wuya a Yamai cikin watan Maris na 2025, aka riƙa wuni a layin gidan mai, mutane suka fara kallon motar lantarki da wani ido, waɗanda da ke min dariya su ne yanzu ke tare ni a ƙofar masallaci suna leƙen tablo. Kuma kusan kowa tambayarshi guda ce, ba ma ta kuran ba, a'a, "Alhaji in ta yi pan wa zai taɓa maka ita a garin nan?" To akwai mai taɓawa. Wani garaji ne can wajen hanyar filin jirgi, cikin lungu, ba zan faɗi suna ba don ba talla aka ba ni ba, kuma akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi mishi daɗi ba. Maigidan dai ya san aikinshi, ya fi na bakin gudron tsada, kuma in kana sauri kar ma ka fara.

Motar tawa ba sabuwa ba ce, a hannun wani na saye ta, tayoyin gaba ke ja, tana da P, wato bitas ɗin da ake sawa in an ajiye mota, tana kuma da ɗan buton nan na birkin hannu da ake ja da yatsa ɗaya. Abin da ya kai ni wurinshi, bayan damina ta fara yin wani hali. In na ajiye ta a gangare, irin wanda ke sauka daga Plateau zuwa Corniche ɗin Yantala, na sa P na ja buto na ɗaga ƙafa, sai in ji ta ɗan zame ta yi gaba kafin ta tsaya cak, kuma in na dawo zan tashi na sa D, bitas ɗin tafiya gaba, sai in ji ƙas! daga ƙasan gaba, ƙara mai ƙarfi har wanda ke gefena ya zabura. Daga baya wuta ruwan ɗorawa ta kama a tablo, yau ta kama gobe ta mutu. Wani makanike na unguwarmu ya ce min moto ne ya fara gajiya, wani ya ce a cire batiri a mayar wutar za ta ɓace. Wutar ta ɓace kam, yini guda ta dawo.

Maigidan garajin nan dattijo ne, gemu ya fara fari, ba ya da yawan magana sai an zo kan mota. Bai buɗe komai ba da farko, ya ce in shiga in ja buton, shi kuma ya durƙusa a bayan motar ya kara kunne kusa da tayar hagu, ya ce in saki in sake ja, ya koma ta dama. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce "Alhaji gefe guda ke aiki. Na hagu na kamawa, na dama kuka kawai yake." Sai bayan nan ya ɗauko valiz ɗinshi, wato na'urar da ke karanta matsalar mota, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ita ma abin da ta nuna ke nan. Wannan ya burge ni wallahi, don na saba ganin masu valiz da in na'ura ba ta yi magana ba su ma ba su da ta cewa.

Na ce mishi to Baba, ai ina sa P, mi ya sa za ta zame? Nan ne fa ya ajiye abin da ke hannunshi ya yi min karatu, kuma don karatun nan ma kuɗɗina ba su tafi banza ba.

Ya ce mu da muka taso da tsohuwar Peugeot da Starlet mun saba in birkin hannu ya mutu sai a bar mota a bitas na ɗaya a tafi, moto ya riƙe ta, saboda fistan ba ya motsawa sai ya danne iskar da ke cikin silinda. Motar lantarki ba ta da wannan ko kaɗan. Moton ta in ba a ba shi kuran ba juyawa yake salun alun, ba kulas, ba bitas biyar, bitas guda ne tak da ke rage gudun moto wajen sau 8 zuwa 10 kafin ya kai ga taya. Saboda haka in ka kashe ta ba abin da ke riƙe ta daga moto, kuma ga nauyi, batirin motar Nissan Leaf mai 40 kWh kaɗai ya kai wajen kilo 300. Abu biyu ne kawai ke tsayar da ita, kuma ba su haɗa hanya ba.

Na farko shi ne P. Cikin akwatin bitas ɗin akwai wani faifan ƙarfe mai manyan haƙora, da ɗan ƙarfe guda da bai wuce yatsa ba, in ka danna P wani ƙaramin moto ya tura shi ya faɗa tsakanin haƙori da haƙori, kamar dai sakatar ƙofa. Zamewar nan da nike ji, faifan ne ke juyawa kaɗan har sakatar ta samu rami ta faɗa, daga nan nauyin motar duka, tan ɗaya da rabi ko fiye, ya jingina kan wannan ɗan ƙarfen. Ƙas ɗin da nike ji kuma in zan tashi, ƙarar fizge shi ce da ƙarfin tsiya alhali mota na kwance a kanshi. Ya ce ba ya karyewa da wuri, an yi shi da ƙarfi, amma yau da gobe bakinshi na cinyewa, ƙaramin moton da ke janshi na wahala, kuma ran da ya lalace sai an sauke akwatin gaba ɗaya, aikin da ya ce shi kanshi ba ya marmarinshi.

Sai ya ce bari ma in nuna maka wani abu. Ya sa yaranshi biyu suka sa katako a tayoyin baya, suka ɗaga gaban motar har tayoyin biyu suka bar ƙasa, motar na kan P, ina ganin harafin a tablo da idona. Ya kira ƙaramin aparantin, yaro da bai fi shekara sha biyar ba, ya ce juya. Yaron ya kama tayar hagu da hannu biyu ya murza gaba, ta juya lafiya lau, ita kuma ta dama tana juyawa baya ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. Yaron na dariya ya ce "Tonton ka gani, P ɗinka ke nan." Dalili kuwa sakatar ba taya ta kulle ba, ta kulle abin da ke shiga diferansiyel ne, shi kuma aikinshi ke nan barin taya ɗaya ta saɓa wa ɗaya don a sha kwana. Muddin tayoyin biyu na dafe da ƙasa mai ƙarfi to ba matsala. Amma in ɗaya na kan gudron ɗaya na cikin rairayi ko laka, ko ka ɗaga gefe guda da kirik za ka canza taya, wadda ba ta da riƙo sai ta sulale baya ɗayar ta mirgina gaba, mota ta tafi tana kan P. Yanzu ku duba min Yamai, unguwa nawa ce za ka ajiye mota tayoyi huɗu duka kan gudron? Koira Kano ma da ake ji da ita kana sauka daga babban titi rairayi ne, balle Harobanda da damina.

Na biyu shi ne birkin hannu, shi kuma tayoyin baya yake kamawa, kowace da kanta. A irin tawa kowane gefe akwai ɗan moto manne a bayan abin da ke matse diski, in ka ja buto ka ji wannan zzzz ɗin na sakan ɗaya ko biyu, dunƙulen ƙarfe ne mai zare yake murɗawa ya tura fistan ya matse plaket a jikin diski. Abin da na fi so a bayanin, ya ce zaren nan ba ya warware kanshi, in ya matse ya matse ke nan, ba ya cin kuran don ya ci gaba da riƙo. Masu cewa wai in batiri ya ƙare motar lantarki za ta gangara cikin kogin Isa, ba haka ba ne, akasin haka ma ke faruwa, sakin ne ke gagara. Kuma ƙa'idar da ake gwada ƙananan motoci da ita a Turai ta ce birkin hannu shi kaɗai ya riƙe mota da kayanta a gangaren kashi 20 cikin 100, gaba ko baya, wato gangaren da ke sauka mita 20 cikin mita 100. In gefe biyu na lafiya fa ke nan. Nawa gefe guda ne ke fama, shi ya sa nauyin ke komawa kan sakata.

Da ya kwance na daman sai ga ta'asa. Murfin roban da ke rufe ɗan moton ya tsage, an liƙe shi da wani baƙin gam, ciki kuwa laka ce ja ta bushe da tsatsa, haƙoran roban ciki guda biyu sun gutsure. Ya ɗora min shi a tafin hannu yana nuna min da bakin turnubis. Ya ce wani ne ya canza plaket ɗin baya kafin a sayar min da motar, bai san sai an sa birkin a yanayin gyara da valiz ya ja zaren baya da kanshi ba, sai ya kama fistan ya danne da ƙarfi yadda ake yi wa tsohuwar mota. Daga nan ruwan damina ya ƙarasa aikin. Wanda ya sayar min bai taɓa faɗa min ba, kuma da na kira shi cewa ya yi shi ma haka ya same ta, Allah dai ya sani.

Nan fa haƙuri ya fara. Babu kayan a Yamai, yaranshi sun zagaya wurin masu kayan tsofaffin motoci ba su samu daidai ba, aka tambaya Kano babu, daga ƙarshe sai daga Dubai aka yi oda. Ya ce min mako biyu, aka ci wata da ɗoriya. Wannan ba laifinshi ba ne duka, kowa ya san yadda shigo da kaya ya koma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, amma abin da ya ɓata min rai ba ya ɗaukar waya, sai ka kira ka kira, daga baya wani yaro ya ɗauka ya ce patron na ƙarƙashin mota. In ka aika saƙon murya a WhatsApp sai bayan isha ya saurara ya amsa da "in sha Allah Alhaji" shi ke nan. Wurin zama kuwa benci guda ne ƙarƙashin wata rumfar kwano, da rana ta take sai ka gwammace tsayuwa. Faktir ma sai da na roƙa aka rubuta min a takardar kaye. Kuma shi kaɗai ke taɓa valiz, in ya fita jana'iza ko ɗaurin aure aiki ya tsaya, yaran sai shayi.

Amma kafin kayan su zo bai riƙe min mota ba, ya wanke na hagun ya shafa mai inda ya dace, ya ce in ci gaba da hawa amma kar in ajiye ta a gangare, in dole ne in karya sitiyari zuwa gefen titi in sa dutse a bayan taya. Ya kuma koya min jerin da ya ce ko bayan gyara in riƙe shi: ka tsaya, ƙafarka na kan birki, ka ja birkin hannu ka jira zzzz ɗin ya ƙare, ka sassauta ƙafa a hankali motar ta zauna kan tayoyin baya, sannan ka danna P. In za ka tashi, ka taka birki, ka sa D ko R, sannan ka saki na hannu. Ta haka sakatar na nan a matsayin mai jiran ko-ta-kwana, ba ta ɗauke da komai. Wasu motocin da kansu suke jan birkin hannu da ka danna P, ya ce in duba ko jan alamar nan mai P cikin da'ira ta kama a tablo, in ba ta kama ba to ba a ja ba, ko mi harafin bitas ya nuna.

Na tambaye shi duk motocin lantarki haka suke? Ya ce a'a, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Tesla Model 3 ba ta da sakatar ma sam, in ka sa P birkin tayoyin baya ne ke matsewa, shi ke nan abin da ke riƙe ta, saboda haka mai irin ta lafiyar birkin baya ita ce komai. Nissan Leaf, wadda ta fito tun ƙarshen 2010, tana da sakata a gaba, kuma da yawa daga cikin na 2013 zuwa sama birkin hannun nasu feda ce da ake takawa da ƙafar hagu, waya ke ja, ba ruwanta da kuran. Volkswagen ID.4 kuma birkin bayanta irin na tambur ne, rufaffe, ba diski ba. Ni a ganina, ga mai zama cikin ƙurar nan tamu da ruwan da ke kwanciya a tituna watan Agusta, fedar nan ta Leaf da mutane ke rainawa wai tsohon yayi ce ta fi kwanciyar hankali, don duk makaniken kasuwar Katako zai iya gyara waya. Shi bai yarda da ni ba, ya ce wayar ma tana saki tana tsatsa, na lantarki ya fi matsewa daidai kullum in ba a yi mishi ganganci ba. Muka bar ta a nan.

Wani abin da ya ja min kunne a kai shi ne Auto Hold. Ina son abin nan ba kaɗan ba, duk wanda ya taɓa maƙalewa a hawan gadar Kennedy da yamma, ga raƙumi ga kabu-kabu ga ɗan taksi manne da bayanka, ya san daɗin ka tsaya ka ɗauke ƙafa mota ta tsaya inda take. To amma shi ba sakata ba ne ba kuma zaren nan ba ne, ruwan birki ne na'ura ke riƙewa a matse, kuma sai motar na kunne. Motar na nan kan D. Tunda ba ta da ƙara, mutum sai ya manta, ya buɗe ƙofa zai sayi kilishi. Yawancinsu in ka cire bel ka buɗe ƙofa ko aka ɗan jima suna mayar da kansu kan birkin hannu, amma ya ce kar in dogara da wannan, don ɗan makunnin ƙofa guda in ƙura ta cika shi motar ba ta san ka fita ba. Ya ƙara da cewa in Allah ya kiyaye birkin ƙafa ya ƙi ana cikin tafiya, a ja buton a riƙe kar a saki, motar za ta rage gudu a hankali ba tare da ta kulle taya ba. Ban gwada ba, ba na kuma fatan gwadawa.

Da kayan suka iso aikin bai ɗauki rabin yini ba. Ya ɗaura, ya sa valiz ta koya wa sabon moton iyakar matsewarshi, ya canza ruwan birki tunda ba wanda ya san yaushe rabon a canza, ya ce kamfanoni da yawa shekara 2 suke cewa. Sannan ya shiga muka tafi har gangaren Gamkale, ya tsaya a tsakiya, ya sa N, wato ya cire ta daga bitas, ya ja buto kaɗai ba P, ya ɗauke ƙafa ya harɗe hannu. Ko motsi. Ya juya ta ta fuskanci sama ya sake. Sannan ya ce in karɓi sitiyari in yi jerin da ya koya min yana kallo, ƙas ɗin nan babu shi.

Bai bar ni na tafi ba sai da ya gwada ƙaramin batirin, na volt 12, ya ce ya kusa. Na ce mota mai ƙaton batiri a ƙasa mi za ta yi da wannan ɗan abin? Ashe shi ne mai mabuɗin gidan. Babban batirin mai volt 300 zuwa 400 a katse yake in mota na kashe, ƙaramin ne ke jona shi, shi ke ba kwamfutar motar wuta, shi ke jan sakata, shi ke warware birkin baya. In ya mutu, ko babban na cike fal, ba ta fita daga P, ba ta sakin birki, ba a turawa. Kuma zafin Afrilu da Mayu na Yamai da ke haura digiri 40 kusan kullum ba ya barin irin batirin nan ya daɗe. Ya ce in ta faru a kawo wani batirin a jona wa ƙaramin, kar wani ya kusanci wayoyin nan na babban batirin masu launin lemu, kuma kar in yarda a ɗaura mata igiya a ja, don in tayoyin da ke ja suna juyawa moton na haifar da kuran yana iya ƙona kayan ciki, in kuma suna kulle taya da sakata za a ci. Motar depanaj mai shimfiɗa a baya ita ce kawai. Na canza batirin a wurinshi, kuma na lura ya ɗan ɗora riba fiye da kasuwa, da na yi magana ya ce "Alhaji na kasuwa in ya mutu wurin wa za ka koma?" na yi shiru na biya.

Kuɗɗin hannu ya caje ni kusan ninki biyu na abin da na saba biya a unguwa, kuma ba ya ragi, in ka cika ciniki sai ya koma ƙarƙashin mota ya bar ka tsaye. Ga mai Corolla da ke son a canza mai ban ga dalilin zuwa can ba. Ga mai motar lantarki ko ibrid, ko ma mai isansi da ke da birkin buto, musamman in plaket ɗin baya za a taɓa, ni can zan tura ka. Maigidan ya kuma ce in na bi ta ruwa in tattaka birki da ɗan ƙarfi kafin in ajiye don diski ya bushe, tunda motocin nan moto ke rage musu gudu birkin ba ya samun zafi, plaket na iya mannewa in ta kwana biyu a jiƙe.

Ka je da sassafe kafin ya fita neman kaya, ranar Juma'a kuma daga sha biyu sun rufe. Ka tafi da littafin motar in kana da shi, ko da da Sinanci ne ko Larabci, yana duba zanen. Ka kuma tafi da ruwan shanka.